Jirgin Ƙasa na Lambu: Zaɓen Jigo da Gina Muhalli Mai Ƙarko

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata daɗaɗɗiyar hanyar shaƙatawa, wato shimfiɗa ƙaramin layin dogo a cikin lambun gida, a ɗora masa ƙaramin jirgin ƙasa mai tafiya da kansa, sannan a kewaye shi da tashoshi da gadoji da tuddai da ƙauyuka waɗanda aka ƙanƙantar daidai da girman jirgin. Wanda bai sani ba zai ɗauka wasan yara ne, alhali kuwa galibin masu yin sa manya ne, kuma aiki ne mai cin kuɗi da lokaci. Mutum yana iya kwashe shekaru yana gini, amma idan bai yi shiri ba, ruwan shekara ɗaya ya isa ya mayar da aikin kufai.

Wannan babi zai yi bayani a kan abubuwa biyu da ke tabbatar da nasarar irin wannan aiki. Na farko shi ne zaɓen jigo, wato yanke shawara a kan wuri da zamani da aikin da layin zai kwaikwaya. Na biyu shi ne gina muhalli mai ƙarko. Abin da ake nufi da muhalli a nan shi ne duk abin da ya kewaye dogon, kamar tuddai da koguna da gadoji da gine-gine da tsirrai. Tushen bayanin guda ɗaya ne: mai aikin yana iya ƙanƙantar da jirgi da gida da gada, amma ba shi da ikon ƙanƙantar da ruwan sama ko zafin rana ko sanyi. Waɗannan da cikakken ƙarfinsu suke sauka a kan ƙaramin gini kamar yadda suke sauka a kan babba.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

Ɗaya daga cikin fitattun misalan wannan aiki shi ne ƙaramin ƙauyen Bekonscot da ke garin Beaconsfield a Ingila, wanda wani akanta mai suna Roland Callingham ya gina a lambunsa, aka kuma buɗe shi ga jama'a a shekarar 1929. An tsara ƙauyen domin ya nuna karkarar Ingila ta shekarun 1930, kuma har yanzu jiragensa suna tafiya a fili, ba rufi a kansu. A ƙasar Holan kuma akwai Madurodam da ke birnin Hague, wanda aka buɗe a 1952, inda aka ƙanƙantar da komai sau 25.

Abin da ya kai wannan sha'awa ga gidajen mutane da yawa shi ne fitowar jiragen LGB a shekarar 1968, daga kamfanin Lehmann na Nuremberg a Jamus. An ƙera su da roba mai jure rana da ruwa, aka yi musu dogo na tagulla, domin a iya barin layin a waje. Kamfanin Märklin ne ya karɓi wannan suna a 2007. A Birtaniya kuwa, wani reshe dabam ya bunƙasa, wanda ya fi karkata ga ƙananan injina masu aiki da tururi na gaske.

3.0 Faɗin Dogo da Ma'aunin Ƙanƙantawa

Kafin a shiga batun jigo, wajibi ne a bambance kalmomi biyu da ake yawan cakuɗawa. Faɗin dogo shi ne tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyu da jirgi ke bi. Ma'aunin ƙanƙantawa kuma shi ne yawan ninkin da aka rage wa abu daga girmansa na asali. Idan aka rubuta 1:32, ana nufin santimita ɗaya a lambu tana wakiltar santimita 32 a zahiri.

Faɗin da aka fi amfani da shi a lambu shi ne milimita 45. Sai dai layukan dogo na duniya ba faɗinsu ɗaya ba, saboda haka wannan dogo ɗaya yana ba da ma'auni dabam-dabam gwargwadon layin da aka kwaikwaya:

a) Babban layi mai faɗin milimita 1,435 yana ba da ma'aunin 1:32.

b) Layi mai faɗin mita ɗaya yana ba da ma'aunin 1:22.5.

c) Layi mai faɗin ƙafa uku, wato milimita 914, yana ba da ma'aunin 1:20.3.

Akwai kuma dogo mai faɗin milimita 32, wanda a Birtaniya ake amfani da shi a ma'aunin 1:19 domin kwaikwayon layuka masu faɗin ƙafa biyu.

Muhimmancin wannan lissafi yana fitowa ne idan aka zo kan mutum-mutumi da gine-gine. Mutum mai tsayin mita 1.8 zai zama santimita 8 a ma'aunin 1:22.5, amma a ma'aunin 1:32 bai kai santimita 6 ba. Idan aka sayi gida na ma'auni ɗaya aka ajiye a gefen jirgi na wani ma'auni, ido zai gane kuskuren nan take, ko da mai kallo bai san dalili ba.

4.0 Zaɓen Jigo

Ɗalibin adabi ya san cewa jigo shi ne ginshiƙin da ke riƙe da waƙa ko labari, kuma duk baitin da ya kauce masa yana raunana aikin. Haka abin yake a nan. Jigon layin lambu amsa ce ga tambayoyi uku: a ina wannan layi yake, a wane zamani yake aiki, kuma me yake ɗauka? Da zarar an amsa waɗannan, an san irin injin da za a saya, da siffar tasha, da launin duwatsu, da irin tsirran da za a shuka. Wanda bai amsa su ba yakan tara kaya barkatai, sai a ga injin Amurka yana jan taragon Jamus a gaban tashar Ingila. Bahaushe ya ce, tun ran gini tun ran zane.

4.1 Fitattun Jigogi

Jigo na farko shi ne na layukan dutsen allo na yankin Wales a Birtaniya. Babban misalinsu shi ne layin Ffestiniog, wanda aka buɗe a 1836 domin jigilar dutsen allo daga Blaenau Ffestiniog zuwa tashar ruwa ta Porthmadog. Injinansa ƙanana ne, taragunsa gajeru, kwanoninsa matsattsu, saboda haka ya dace da ƙaramin lambu. Muhallinsa katangun dutse ne da ƙananan gidaje da ramukan haƙar dutse.

Jigo na biyu shi ne na duwatsun Suwizalan, musamman layin Rhaetia mai faɗin mita ɗaya, wanda UNESCO ta sanya sashensa na Albula da Bernina cikin kayan tarihin duniya a 2008. Jajayen taragu da dogayen gadojin dutse da hanyoyin da ke ratsa cikin tsauni su ne alamominsa. Wannan jigo yana buƙatar lambu mai tudu da gangare, ko kuma a jibge ƙasa da duwatsu masu yawa.

Jigo na uku shi ne na ma'adinai da katako a jihar Kolorado ta Amurka, kamar layin Durango zuwa Silverton mai faɗin ƙafa uku, wanda aka kammala a 1882. Gadojin katako masu ƙafafu da yawa da tankunan ruwa da ƙauyukan mahaƙa su ne muhallinsa.

4.2 Abubuwan Lura Wajen Zaɓe

Abu na farko shi ne girman fili. A ma'aunin 1:22.5, kilomita ɗaya tana buƙatar mita 44 na dogo, wanda ya fi tsawon yawancin lambunan gida. Wannan ne ya sa ba a kwaikwayon layi gaba ɗayansa, sai dai a tsamo 'yan alamomi da za su wakilce shi, kamar tasha ɗaya da gada ɗaya da masana'anta ɗaya. Haka kuma, dogayen taragun babban layi suna buƙatar kwana mai faɗi. Mafi matsin kwana a dogon LGB tana da santimita 60 daga tsakiyar da'ira zuwa dogo, kuma gajerun jirage ne kawai ke kyau a kanta.

Abu na biyu shi ne yanayin ƙasar da lambun yake. Wanda ke zaune a wuri mai yawan ruwa da inuwa ya zaɓi jigon hamada, zai ƙare ne yana yaƙi da gansakuka da ciyawa. Wanda ke busasshen wuri ya zaɓi jigon daji mai duhuwa, kuɗin ban ruwa zai gajiyar da shi. Jigon da ya fi daɗewa shi ne wanda ya yi daidai da ƙasa da ruwa da ranar da ake da su.

Abu na uku shi ne abin da zai tuƙa jirgin. Akwai hanyoyi uku: lantarki maras ƙarfi da ke bi ta dogo, wanda ba ya wuce bolt 24, da batir da ake sarrafawa daga nesa, da kuma tururi na gaske da ake dafawa da gas ko gawayin kwal. Mai lantarki yana buƙatar a riƙa goge dogo. Mai tururi kuwa yana son shimfiɗaɗɗen layi, kuma galibi a ɗaga shi daga ƙasa domin hannu ya kai ga injin cikin sauƙi. Kowace hanya tana da tasiri a kan siffar muhallin.

5.0 Gina Muhalli Mai Ƙarko

Mai layin dogo na cikin ɗaki yana yin tsauni da kwali da filasta, ya yi ciyawa da garin katako mai launi. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya kwana biyu a waje. Mai layin lambu dole ya yi tunani irin na injiniyan reluwe na gaske, domin abokan gabansu iri ɗaya ne.

5.1 Abokan Gaba Huɗu

Ruwa shi ne na farko. Ɗigon ruwan sama da ba ya damun mutum, a wurin gida mai tsayin santimita 30 kamar jifa ne, kuma yana fantsama laka a bango, yana kwashe ƙasa daga ƙarƙashin dogo, yana ruɓar da katako.

Rana ita ce ta biyu. Haskenta yana kodar da fenti, yana kuma sa robar da ba a yi don waje ba ta bushe ta riƙa karyewa. Zafinta kuma yana sa ƙarfe ya miƙe. Dogon tagulla mai tsawon mita 10 yana ƙaruwa da kimanin milimita 6 idan zafi ya hau da digiri 30 a ma'aunin Salshiyas. Idan ba a bar masa wurin motsi ba, sai ya lanƙwashe.

Daskarewa ita ce ta uku, kuma ita ce babbar matsalar ƙasashe masu sanyi. Ruwa yana ƙara girma da kimanin kashi 9 cikin 100 idan ya zama ƙanƙara. Ruwan da ya shiga tsagar kankare yana faɗaɗa ta, jiƙaƙƙiyar ƙasa kuma tana kumbura ta ɗaga dogo da gini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na huɗu su ne halittu: saiwoyin itatuwa da ciyayi da ganyen da ke zuba, da ɓeraye da kyanwoyi da karnuka, da ƙwari masu cin katako.

5.2 Shimfiɗar Dogo

Aikin farko shi ne lura da inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya bayan an yi ruwan sama, domin a kauce wa wuraren ko a sa musu kwalbati. Hanyar da aka fi bi ita ce a haƙa rami mai zurfin santimita 10 zuwa 15 a tsawon layin, a cika shi da fasasshen dutse, a danne sosai, sannan a ɗora dogo a zuba masa ƙananan tsakuwa. Tsakuwar dole ta kasance fasasshiya mai kaifin gefe, domin irin wannan ce ke riƙe juna. Mulmulalliyar tsakuwar rafi zamewa take yi. A wannan tsari ba a kafe dogo da ƙusa, ana barin sa ya kwanta a cikin tsakuwa domin ya miƙe ya takure yadda zafi da sanyi suka sa shi. Wasu kuma sukan zuba kankare, ko su ɗaga layin a kan ginshiƙai.

Hawa da gangara su ma abin kula ne. Ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi, saboda haka an fi son kada hawa ya wuce santimita 2 a kowace mita. Idan ya wuce 3 ko 4, injin ba ya iya jan taragu da yawa.

5.3 Tuddai da Gadoji da Ruwa

Tudu a lambu da ƙasa da dutse na gaske ake yin sa. Ana binne kimanin sulusin kowane dutse domin ya zauna daram, ya kuma yi kama da wanda ya tsiro daga ƙasa. An fi son dutse iri ɗaya a lambu ɗaya, kuma a jera shi yadda layukan jikinsa za su fuskanci gefe guda. Sabuwar ƙasar da aka jibge takan nutse, don haka ana ba ta lokaci ta zauna kafin a ɗora mata dogo.

Hanyar da ke ratsa cikin tudu tana ƙayatarwa, amma a nan ne jirgi ya fi maƙalewa, kuma a nan ne ƙananan dabbobi ke fakewa. Ƙa'idar ita ce kada tsawonta ya wuce inda hannu zai kai daga bakunanta biyu, in kuwa ya wuce, a yi mata murfi a sama. Ana ɗan ɗaga tsakiyarta domin ruwa ya gangaro waje, ana kuma toshe bakunanta idan ba a aiki.

Gadar katako ana yin ta ne da icce mai jure ruɓa, kamar sida, kuma ba a barin ƙafafunta su taɓa ƙasa, sai a ɗora su a kan kankare ko tsakuwa. Gam kaɗai ba ya riƙe haɗi a waje, sai an ƙara da ƙusa ta tagulla ko ta ƙarfe maras tsatsa. Rafi da tafki kuwa ana shimfiɗa musu roba mai kauri a ƙasa, a sa ƙaramin famfo mai juya ruwan, domin ruwa mai gudu ba ya tara sauro kamar kwantacce.

5.4 Gine-gine

Kayan da suka fi daɗewa su ne kankare da dutse da roba mai jure rana da katako mai jure ruɓa. Kamfanoni irin su PIKO na Jamus suna yin gidajen roba na haɗawa musamman domin waje. Ko da wane abu aka yi gini, dokoki huɗu ne ke tsawaita kwanansa. A ɗora shi a kan daɓe ko faffaɗan dutse domin kada ya sha danshi daga ƙasa. A yi masa rufi mai gangara wanda bakinsa ya zarce bango. A bar masa kafar iska, domin rufaffen gida yana tara gumi a ciki ya ruɓe. A shafe shi da fentin waje ciki da baya, har da gefunan da ba a gani. Gini maras nauyi kuma a ɗaure shi ko a sa masa dutse a ciki saboda iska. Kayan ado masu laushi, kamar fitilu da alluna da mutum-mutumi, gara a yi su yadda za a iya cirewa a adana a ɗaki lokacin tsananin sanyi. A wannan fanni araha ba ta ado, domin abin da aka yi da kayan banza sau biyu ake yin sa.

5.5 Tsirrai

Tsirrai su ne suka bambanta layin lambu da na ɗaki, domin muhalli ne mai rai, yana girma yana sauyawa. Ana zaɓen masu ƙananan ganye da jinkirin girma. A Turai da Amurka an fi amfani da wani gajeren icce mai ganye kamar allura, wanda masana ke kira Picea glauca 'Conica', a matsayin itacen daji. Ana amfani da tayim mai yaɗo da nau'o'in Sedum a matsayin ciyawa. Ana rage wa ƙananan itatuwa rassan ƙasa domin gangar jikinsu ta fito kamar ta babban icce. Ba a shuka dab da dogo, kuma ana guje wa tsiron da ke yaɗuwa da sauri, domin cikin shekara ɗaya yana iya binne layi.

5.6 Kulawa

Babu muhallin da ke daɗewa ba tare da kulawa ba. Kafin a saki jirgi ana share ganye da tsakuwar da ta hau dogo. A farkon kowace shekarar aiki ana duba daidaiton layi, a ƙara tsakuwa inda ta zaizaye, a sabunta fenti, a yi wa tsirrai aski. Saboda haka tun wajen tsarawa ake barin hanyar da mutum zai taka ya kai ga kowane sashe. Layin da ya fi ƙarfin kulawar mai shi ba ya daɗewa, komai kyawunsa.

6.0 Amfanin Darasin ga Malami

Malami mai koyon aiki zai ga cewa wannan fanni ya haɗa darussa da dama a wuri ɗaya: lissafin ma'auni, da kimiyyar zafi da ruwa, da labarin ƙasa, da tarihi, da aikin hannu. Tarihin reluwe a Nijeriya ma yana da abin da zai zama jigo. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne, wanda a dogon milimita 45 zai ba da ma'aunin kusan 1:24, kuma muhallinsa zai ƙunshi tasha da dalar gyaɗa da ganuwa. Akwai kuma siririn layin da ya tashi daga Zariya zuwa Bukuru domin jigilar kuza, mai faɗin milimita 762, wanda aka rufe a 1957. Wanda zai gina irin wannan a harabar makaranta ba shi da matsalar ƙanƙara, amma yana da gara da ƙurar hunturu da mamakon damina da zafin bazara, kuma da su zai auna kowane abu da zai yi gini da shi.

7.0 Kammalawa

An ga cewa layin dogo na lambu yana farawa ne daga jigo, domin jigo ne ke tsayar da ma'auni, ma'auni kuma ya tsayar da girman gini da kwana da tsiro. An kuma ga cewa ƙarkon muhalli ya dogara ne a kan magudanar ruwa, da barin wurin motsi ga ƙarfe, da raba katako da ƙasa, da zaɓen kayan da aka yi domin waje, da kulawa a kai a kai. Ƙauyen Bekonscot ya doshi shekara ɗari jiragensa suna tafiya a fili, saboda an tsayar masa da jigo, kuma ba a daina gyaransa ba.

8.0 Tambayoyi

1. Bambance tsakanin faɗin dogo da ma'aunin ƙanƙantawa, tare da misalai biyu.

2. Ƙofa mai tsayin mita 2 za ta zama santimita nawa a ma'aunin 1:22.5?

3. Kawo tambayoyi uku da jigo ke amsawa, sannan a kwatanta matsayin jigo a wannan aiki da matsayinsa a rubutacciyar waƙa.

4. Me ya sa ake fifita fasasshiyar tsakuwa a kan mulmulalliya?

5. Rubuta bayani mai sakin layi uku a kan kayan da za su dace da gina irin wannan muhalli a garinku, tare da dalilai.